Duwatsun da Na Bari a Hanyar Sassumbrum

Assalamu alaikum mai gabatarwa, sannu da aiki. Sunana Sani, direban kamiyo, wato babbar motar kaya, daga Magarya.

Ranar kasuwar Sassumbrum taya ta fashe mini, ina ɗauke da gero. Na tokare ƙafafun motar da manyan duwatsu, na canza taya, na tafi cikin gaggawa ban kwashe su ba. Bayan la'asar wani manomi a kan babur ya yi karo da su, ya karye a cinya.

Da na ji labari, na same shi a gidan likita, na ce, "Baba, ni ne na bar duwatsun." Ya ce, "Na yafe maka, ɗana. Amma wa zai nome gonata bana?"

Direbobi 'yan'uwana, ku share hanya kafin ku tashi. Masu sauraro, me zan yi wa bawan Allahn nan?