Adireshin da Na Bayar a Makarantar Kawuna

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, barka da aiki. Daga Fagge nake rubutowa, amma don Allah a sakaya sunana.

Bara na rasa damar samun aikin koyarwa, saboda saƙon kiran intabiyu ya nutse cikin tarkacen da ya cika akwatin imel ɗina. Ban gan shi ba sai da ranar ta wuce. Na sha kuka, sannan na ce sai na gano mai rabar da adireshina.

Na je kafe, wato shagon intanet, na buɗe sababbin adireshin imel uku, don in gwada wurare ukun da nake zargi. Ɗaya na ba wani ofishin samar da aiki a Sabon Gari, ɗaya na ba shagon waya, na ukun na rubuta a makarantar koyon kwamfuta ta kawuna. Biyun farko shiru har yau. Na ukun kuwa, kafin mako biyu ya cika da tallan magani da saƙonnin 'yan damfara.

Da na gaya wa Inna, cewa ta yi, "Yayana ne fa. Ki rufa masa asiri."

Wataƙila ma bai sani ba, ma'aikatansa ne. Amma ɗalibansa da yawa ƙawayena ne, ni na kai su. Masu sauraro, in tunkare shi ko in bi maganar Inna?