Lambobin Tseren Mota Sun Fi Ƙarfin Idona

Assalamu alaikum, Malam mai gabatarwa. Ni tsohon bakanike ne daga Yakasai, na daɗe ina kallon tseren motoci a talabijin. Bara ciwon suga ya taɓa mini ido. Masu sharhi kuwa ba sa faɗin tazarar da ke tsakanin motoci, sai su ce a duba gefen allo. Ran Lahadi matata ta ce, "Malam, in karanto maka?" Ta yi ta jero lambobi, ba ta san na wane direba ba ne. Na ce ta huta. Har aka gama ina zaune, ba daɗi ba haushi, ƙarar inji kawai nake ji. Don Allah, akwai tashar da ke faɗin komai da baki?