Dawakan Yohanna a Hanyar Zurmi

A tashar Kaura Namoda ba a kama hanyar Zurmi sai an ga wata mota ta fito daga can lafiya. Yau har azahar shiru. Dogo direba ya leƙa littafin da wani fasinja Kirista ke karantawa.

"Malam, mi kake karatu haka?"

"Yadda duniya za ta tashi. Manzo Yohanna ne ya gani, ya rubuta."

"Mi ya gani?"

"Mahaya huɗu bisa dawakai, ga yaƙi, ga yunwa, ga mutuwa."

"Huɗu kacal? Lalle ya ji daɗinai! Mu baburan 'yan bindigar nan ba su ƙirguwa. Ina ya zamna?"

"Wani tsibiri, tsakiyar teku."

"Inda babur bai zuwa? Dole ya samu sukunin rubutu."

"Tsare shi aka yi can, direba."

"Mu ma a taimaka a tsare mu can mana."

Dogo ya sake duban hanya.

"To, ƙarshe fa?"

"A ƙarshe Allah zai share wa mutane hawaye."

"Tsallake dawakan, karanta mini wurin nan. Motar da muke jira, ƙanena ke tuƙa ta."