Fenti a Kan Tabon Ambaliya

A cikin adaidaita sahu daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, wani dattijo ya nuna wa matar da ke gefensa wasu matasa suna auna bangon wani gida.

"Kin gan su? 'Yan jami'a ne. Wai tabon da ambaliyar baya ta bari suke aunawa, don su san inda ruwa zai kai nan gaba."

"Ai abu ne mai kyau, Baba."

"Ina kyan? Shekaranjiya suka zo gidan hayata. Na ce musu ruwa bai taɓa shiga ba."

"Bai taɓa shiga ba ɗin?"

"Ni dai na sa an shafe bangon da fenti. Wa zai kama gidan da tabon laka ya kai ƙirji?"

"Har ƙirji?"

"Ƙirjina, kuma kin ga ni gajere ne. Sau ɗaya ne ma. To, sau biyu."

"Mutanen gidan fa?"

"Sun koma Hotoro. Mutumin ƙorafi ne da shi, wai don firjinsa ya bi ruwa har bakin titi. Amma dillali ya samo min wata nas, ita zan je in nuna wa yanzu."

Matar ta ce wa direba, "Malam, sauke ni a nan."

"Ba Tarauni kika ce ba?" in ji dattijon.

"Na fasa, Baba. Ka gaya wa dillalin, nas ɗin ba ta iya iyo ba."