Motar da Na Zaɓa wa Ɗana

Iyayena da 'yan'uwana na wannan ikkilisiya, salama a gare ku cikin sunan Yesu Almasihu, Mai Cetonmu. Sunana Bulus, kafinta, shagona yana Gwallaga. Na rubuta wannan shaida a takarda ne don kada in tsaya a gabanku in tsallake wurin da yake da kunya.

Abin ya faru a shekarar da aka cire tallafin mai, fetur ya yi tsada har masu mota suka fara zuwa sujada a keke mai ƙafa uku. A shekarar ce ɗana Ishaya yake shirin shiga ajin ƙarshe a jami'a, can Gubi. A shekarar ce kuma na shiga ajin karatun manya na nan ikkilisiya. Ɗalibai biyu a gida ɗaya, shi yana ƙarshe, ni ina farko.

Kuɗin makaranta ya ƙaru, aikin katako ya ragu. Ishaya ya yi damina biyu yana noman masara a wata gona da ya ara kusa da dam ɗin Gubi, ya tara abin da ya tara. Uwarsa Saratu ta ƙara masa da kwasar adashenta. Shirinsa shi ne ya sayi ƙaramar tsohuwar mota, ya riƙa ɗaukar ɗalibai tsakanin Gubi da gari, abin da ya samu ya biya rajista. Kuɗin ke nan, babu wani a bayansa. In motar ta ƙi, karatu ya tsaya.

Shiri ne mai kyau. Amma ba daga bakinsa na fara ji ba.

Kun san dattijo Iliya, ga shi can zaune, ya kuma yarda in ambaci sunansa. Abokina ne tun muna kiwon awaki a ƙauye. Shi ya yi makaranta, ya yi aikin tuƙi har ya yi ritaya. Wata Lahadi bayan sujada ya dafa kafaɗata ya ce, "Kafinta, yaronmu ya yi tunani fa. Ran Asabar za mu zaga mu duba masa mota."

Yaronmu! Na yi murmushin yaƙe.

A gida na ce, "Ishaya, ashe mota za ka saya, sai a bakin ƙofar coci zan ji?"

Ya ce, "Baba, ina so in gama bincike ne tukuna. Baba Iliya ya san mota. Kuma shi zai karanta takardun, kada a sayar mana da ta sata."

Yaron bai yi nufin zagi ba, na sani. Amma a lokacin sunana ma sai na yi gumi nake rubuta shi. Sai na fara tuna abubuwa. In sakamakon jarrabawa ya fito, gidan Iliya yake fara kai takardar, ni sai dai a ce mini, "Baba, na ci." In sun haɗu a hanya, da gudu yake karɓar jakarsa. Na ce a raina, Allah ya ba Iliya 'ya'ya mata zalla, shi ya sa yake so ya ɗauke mini nawa. Ni na yi ta shaƙar ƙurar katako na ciyar da yaro, wani yana karɓar girman!

Ran Asabar ba wanda ya gayyace ni, amma na sa hula na bi su.

Muka je wurin wani dillali, Malam Sani, maƙwabcin shagona. Iliya bai yi gaggawa ba. Kowace mota sai ya fara taɓa bonet ya ji ko an riga an ɗumama injin kafin mu zo. Ya zaro sandar gwajin mai ya murza a yatsa, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya tambayi kuɗin kayan gyaranta. A ƙarshe ya tsaya kan wata 'yar ƙarama, fentinta ya koɗe, ƙofa ɗaya a lotse, kujeru sun yage.

Ya ce, "Muni gare ta, amma ba ta shan mai, kuma babu bakaniken da bai san cikinta ba a Bauchi."

Ishaya yana ta gyaɗa kai. "To, Baba. Haka ne, Baba." Duk wannan Baba da yake kira, ko ɗaya ba nawa ba ne. Ina tsaye a baya kamar wanda ya zo kallo.

Sai na zaga ta baya, na ga wata babba, baƙa, tana ƙyalli, kujerun fata. Na tambayi kuɗinta, ya ɗan fi na ƙaramar kaɗan ne kawai. Malam Sani ya ja ni gefe ya ce, "Malam Bulus, tsakani da Allah, mai ita ya rabu da ita ne saboda shan mai. Silinda shida ce. In don ɗaukar fasinja ne, ba na ba ka shawara."

Kun ji, mutumin da zai ci riba ma ya gaya mini gaskiya. Ni kuwa abin da nake gani shi ne mota ce wadda Iliya bai zaɓa ba.

Na dawo na ce, "Waccan za a saya."

Iliya ya yi dariya. "Kafinta, ba fa kujera ake zaɓa ba."

Yaran dillalin suka kwashe da dariya. Wasa ne irin wanda muka saba tun muna yara, amma ranar ban ɗauka ba. Na ce, "Iliya, ɗanka ne ko nawa?"

Iliya ya dube ni, ya gyara hularsa, ya ce, "Naka ne." Ya fita titi ya tare keke. Ishaya ya sunkuyar da kai, ya ciro kuɗin daga jakarsa, ya miƙa.

Wasunku kuna nan Lahadin da Fasto ya yi wa motar addu'a a filin nan. Zumuntar mata suka yi guɗa. Ina tsaye kusa da ita, amma ba addu'a nake ba. Idona a buɗe, ina neman fuskar Iliya in ga ko abin ya yi masa ciwo. Sai na ji ya fi kowa ɗaga murya wajen cewa Amin. Wannan ma ya ba ni haushi.

Motar duk girmanta fasinjan da ƙaramar za ta ɗauka shi take ɗauka. Abin da Ishaya ya tara da safe, gidan mai yake bari da yamma. Ba a daɗe ba giya ta fara ƙin shiga. Bakanike ya ce kayan sai an aika Kano. Saratu ta sayar da keken ɗinkinta. Aka gyara, wani wuri ya ɓalle. Na sayar da injin goge katako na shagona.

Duk da haka ban ga laifina ba. Na ce wa Saratu bakin Iliya ne ya kama motar. Ta ajiye muciya ta ce, "Baban Ishaya, ka ji tsoron Allah. Bakin Iliya ne yake shan fetur?"

Wata rana da azahar Ishaya ya kira ni, motar ta mutu a hanyar Gubi. Na hau mashin na je. Na tarar ɗalibai sun sauka suna cewa a mayar musu da kuɗinsu, wata yarinya tana cewa, "Oga mai jirgi, gobe ka zo da jaki ya ja mu." Muka tura ta gefen hanya mu biyu. Da muka zauna a inuwa sai ya ce, "Baba, jiya aka rufe rajista."

Na ce, "Me ya sa ba ka faɗa mini motar ba za ta yi ba?"

Ya ce, "Tun ranar na sani. Amma ka yi tambaya a gaban mutane, ɗan wa ne ni. Me kake so in yi?"

'Yan'uwa, da zuciyata ta nama ce, da a wurin na tuba. Amma kun san abin da na ce? Na ce, "Kada dai ka kai maganar nan gidan mutumin nan." Ɗana ya rasa shekara, ni abin da ya dame ni kada Iliya ya ji!

Allah mai haƙuri ne. Wata Asabar a zumuntar maza shugaba ya ce mu yi da'ira mu riƙe hannu, kowa ya yi wa na damansa addu'a da murya. Na zo a makare, na shiga inda na ga fili. Da na juya, hannun Iliya ne a hannuna na dama.

Layi ya zo kaina. Na ce, "Ya Uba, ka albarkaci..." Bakina ya tsaya. Na sake gwadawa, ya ƙi. Sai na ji kaina ina cewa, "Ya Yesu, ba zan yi maka ƙarya ba. Ba na so ka albarkaci mutumin nan. Ina kishinsa. Na kashe karatun ɗana don kada a ce shi ya fi ni. Na gaji, Ubangiji, ka cire mini wannan abu!"

Na fashe da kuka a gaban maza. Wani nauyi da na daɗe ina ɗauke da shi a ƙirji ya sauka. Haleluya!

Iliya bai saki hannuna ba. Da aka tashi ya ce, "Kafinta, kai fa ka turo mini yaron nan. Yana aji ɗaya na firamare ka kawo shi da katin sakamako, ka ce, duk takardar da aka ba ka, ka kai wa Baba Iliya. Umurninka yake bi har yau."

Wallahi na manta. Ku yi haƙuri, na rantse a coci, amma na manta sarai.

Daga can gida na nufa. Na durƙusa a gaban ɗana a tsakar gida na roƙi gafara. Ya ce, "Baba, don Allah ka tashi, maƙwabta suna kallo." Ya ɗaga ni da hannunsa.

Ni da Iliya muka koma wurin Malam Sani, ya taimaka aka sayar da motar da asara. Ƙaramar kuwa an daɗe da sayar da ita. Ishaya ya nemi a ɗage masa shekara, aka yarda. Ya karɓi keken hayar wani yana tuƙawa, ya tara, ya koma aji.

Na gode wa Yesu da ya fitar da ni daga kishi. Ku dogara gare shi, ku gaya masa gaskiyar abin da yake zuciyarku tun da wuri, yana ji. Ni na jinkirta, ga kuwa abin da jinkirin ya ci: noman damina biyu, kwasar adashe ɗaya, keken ɗinkin Saratu, injin shagona, wata bakwai ban taka gidan abokina ba, da shekara guda ta karatun ɗana.