Haƙorin Makka

A tashar Daura, ana jiran motar Kano ta cika, Ikilima ta lura tsohuwar da ke gefenta ta dafe kunci.

"Sannu Iya, haƙori ne?"

"Dasashi ne, 'yar nan. Ya janye, ya bar haƙorin Makkana yana rawa. Wai a Kano ana yanko nama daga ganɗa a yi masa faci."

"Har da yanka? Haba Iya, ki sa a cire shi mana, ki huta!"

Tsohuwar ta girgiza kai.

"Tare muka tafi aikin Hajji da mijina Malam. Shi ya kai ni aka sa min, yana ta tsokanata. Can aka binne shi. In aka cire wannan, da me na dawo?"