Ban Faɗi Suna Ba

TELA: Alo? Mama Shugaba, ina wuni?

SHUGABA: Lafiya lau, 'yata. Ya shago? Ya ɗinki?

TELA: Mun gode Allah. Ya ƙafar?

SHUGABA: Da sauƙi. Ya yara? Ya surukarki? Ya maigidan, bawan Allah, ya ƙarfin hali?

TELA: Lafiya... Mama, hayaniyar me nake ji? A mota kike?

SHUGABA: Aikin Ubangiji ne, mun fito ziyara da matan coci. Ba ki zo addu'ar Laraba ba, da kin ga ikon Allah! Mun ɗaga maganarku har muryata ta dushe.

TELA: Wace magana?

SHUGABA: Ta korar maigidanki daga aiki mana.

TELA: Mama! Ba ke kaɗai na faɗa wa ba? A bayan coci, har kika riƙe hannuna kika ce daga ke sai Allah?

SHUGABA: To ai Allahn na kai wa. Kuma ban faɗi suna ba, ni yarinya ce?

TELA: Me kika ce musu?

SHUGABA: Cewa na yi, mu tuna da wani ɗan'uwa da aka sallama daga aiki, mai tuƙa motar 'yan makaranta. Shi ke nan.

TELA: Direban makaranta nawa ne a cocinmu?

SHUGABA: Alo? Kina tsinkewa.

TELA: Na ce nawa ne!

SHUGABA: Yo wata ta tambaya ko dogon nan ne na ƙungiyar mawaƙa, mai ƙatuwar murya. A ɗakin Allah zan yi ƙarya? Kai kawai na gyaɗa.

TELA: Wayyo ni. Mama, na gaya miki uwarsa ba ta sani ba. Hawan jini gare ta, likita ya ce ko faɗuwar kwano kada ta ji. Sati uku ke nan kullum yana sa rigar aiki, ya gaishe ta, ya fito. Ga shi nan a ƙuryar shagona yana ɗinka maɓallai, babba da shi.

SHUGABA: Allah sarki! Shi ya sa na ce addu'a kaɗai ba ta isa ba. Mai kiwo ba ya barci tumaki na kuka. Mun haɗa ɗan abin da ya samu: shinkafa, man girki, sabulu. Matar Fasto har da bargo.

TELA: Bargo kuma? Gobara muka yi?

SHUGABA: Kada ki raina ƙauna, 'yata, girman kai ne. Zan so mu zauna a kan wannan.

TELA: Na gode, na tuba. A kawo shago da yamma, ni zan karɓa.

SHUGABA: Shago? A bainar jama'a, kowa ya gani? Haba, ina rufin asiri? Gida ya fi.

TELA: Mama, surukata kaɗai ce a gida!

SHUGABA: Shi ya sa. Tsohuwa ita kaɗai, wa zai ƙarfafa ta? Direba, nan ne, koriyar ƙofa. Ku sauko a hankali. Ke, ɗauko buhun.

TELA: Kuna ina?

SHUGABA: Ƙofar gidanku. Mu goma sha biyu ne kacal, sauran ba su samu wuri a mota ba.

TELA: Don Allah ku juya! Ko ku ce gaisuwa kuka zo, ku bar kayan a mota. Baban yara, tashi, nemi babur! Mama, kina ji na?

SHUGABA: Kwantar da hankalinki, shekarata ashirin ina wannan aiki, na san yadda ake shiga da magana. Ku daina dariya, ku nutsu, ba biki muka zo ba. Yawwa, ga ta ta buɗe. Sannu, Kaka. Sannu. Mun ji abin da ya sami ɗanki, sai haƙuri, Ubangiji ne ya bayar...

TELA: Mama!

SHUGABA: Kai! Ku tare ta! Kujera, ku kawo kujera! Ruwa! Ku yi mata fifita da bargon nan!

TELA: Me ya faru? Mama, yi mini magana!

SHUGABA: Kin gani ko, 'yata? Da ba mu zo ba, wa zai tare ta? Bari in kira ki.